Ku juya rigar ku duba cikinta kafin ku yi dariya

Wallahi abin da aka yi wa yaron nan bai dace ba, kuma duk wanda ya tura bidiyon nan gaba da alamar dariya yana da kasonsa a ciki. Kowa ya gani, tun shekaranjiya yake yawo a wayoyin mutanen Damagaram. Matashi ya hana idonsa barci a kan keke, ya fito da baƙar riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya karkata gefe, ƙasan ba kalmasa, ya bi kafaɗa da guntayen jar fata irin waɗanda dukawa ke zubarwa. Iyakar laifinsa ke nan. Sai ga manya da yara an yi masa ca: wai ƙwaya ya sha, wai aljanu ne suka ba shi awo, wai a ɗaure shi. Har da masu furfura, waɗanda ya kamata a ce su ne za su tsawatar.

Tambayata ɗaya ce. A cikinku wa ya juya rigar ya duba cikinta?

Ni na riƙe ta da hannuna. Layin zaren a miƙe yake tun daga wuya har ƙasa, babu tsalle, babu inda ya tattare. Ku je ku tambayi kowane tela a kasuwar Dole abin da ake nufi da haɗa fata da yadi. Yadda yadi ke ja daban, yadda fata ke ja daban. Yadi in ka yi kuskure sai ka farke ka sake, fata kuwa ramin allura ba ya rufewa har abada. Shi wannan hannun da kuke wa dariya, da ba a lissafa nauyinsa ba, da rigar ta zame daga kafaɗa tun kafin mai ita ya yi taku uku. Ba ta zame ba. Yaron nan ya iya ɗinki. Ya san yadda ake daidaita hannu biyu, kaftani nawa ya ɗinka wa mutanen unguwarsu da sallah ba wanda ya dawo masa da shi? Da gangan ya ƙi daidaita su. Akwai bambanci tsakanin wanda bai iya ba da wanda ya iya ya zaɓi ya saɓa, kuma wannan bambancin a cikin riga ake ganinsa, ba a bidiyon daƙiƙa talatin ba.

Bari in ba ku labarin wani tela, tunda mu sai abu ya fito daga nesa muke girmama shi. Sunansa Yohji Yamamoto, an haife shi a birnin Tokiyo na Japan a 1943. Mahaifinsa an ɗauke shi soja a yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Mahaifiyarsa ce ta rene shi ita kaɗai, da keken ɗinki, a wani ƙaramin shago a unguwar Shinjuku. Ta yi ta ɗinki har ta kai shi jami'ar Keio, ya gama karatun lauya a 1966. Ku tsaya ku yi tunani: ɗan marayan da uwarsa ta ƙare ƙarfinta a kansa ya samu takardar lauya, sai ya dawo gida ya ce shi shagonta yake so ya zauna. Ba ta ji daɗi ba, wace uwa ce za ta ji? Amma ba ta ce ya haukace ba. Sharaɗi ta kafa masa, in dai da gaske yake to ya je ya koyi sana'ar tun daga tushe. Ya shiga makarantar koyon tufafi ta Bunka, ya gama a 1969, ya zauna yana auna mata yana ɗinka musu abin da suka ce, kamar kowane tela. A 1972 ya kafa kamfaninsa, a 1977 ya fara baje kayansa a Tokiyo. Sai a 1981 ya kai su Faris. Shekara goma sha biyu ke nan tsakanin gama makaranta da ranar da ya tsaya gaban duniya ya karya dokokin ɗinki.

Kun san abin da aka yi masa a Faris? Abin da kuka yi wa yaron nan. A lokacin yayin da ake yi can shi ne kaya masu ɗame jiki, masu launi mai ƙyalli, da takalmi mai tsini. Shi kuma ya fito da mata cikin baƙaƙen kaya masu faɗi, gefe ɗaya ya fi ɗaya, baki ba kalmasa, takalmi shimfiɗaɗɗe. A shekarar ce ƴar ƙasarsu Rei Kawakubo, mai kamfanin Comme des Garçons, ita ma ta kai nata, har daga baya ta fito da rigar sanyi mai huji-huji da gangan. Ƴan jarida suka ce kayan mabarata ne. Wasu rashin kunyarsu ta kai su ga danganta kayan da bom ɗin Hiroshima. To ina masu dariyar yau? Wa ya san sunansu? Shi kuwa a 2011 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya ware masa baje koli na musamman. Ya yi haɗin gwiwa da kamfanin Adidas suka fito da samfurin tufafi da takalma mai suna Y-3. Ku kuma ƴan fada masu son Real Madrid, baƙar rigar nan mai hoton dodo a gaba ta kakar 2014 zuwa 2015, wadda ake ta rububin sayen kwaikwayonta, shi ya zana ta. Wasu cikin masu zagin yaron nan sun saka aikin Yamamoto a jikinsu sun yi hoto da shi, ba su ma sani ba.

Kada wani ya ɗauka hanyar ta yi masa santsi. A 2009 bashi ya durƙusar da kamfaninsa, sai da masu zuba jari suka shigo suka ɗaga shi. Yana da shekara sittin da shida a lokacin, bai ajiye almakashi ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan ai Japan ce, mu Musulmi ne, muna da tarbiyya. Malam, wace tarbiyya rigar yaron nan ta taɓa? Daga wuya har idon sawu a rufe take. Ko wuyan hannu ba a gani. Shi kansa Yamamoto ya sha faɗa cewa abin da ya sa yake yin kaya masu faɗi shi ne yana son ya kare jikin mace daga idanun maza da kuma sanyi. Idan tsiraici kuke yaƙa, ga ɗinkunan biki nan da ake yi a garin nan kowane mako, masu ɗamewa kamar a jiki aka ɗinka su, ban ga an yi musu bidiyo ba. Ku bar jawo addini cikin abin da kawai idonku ne bai saba da shi ba. Addini ya fi ƙarfin a mayar da shi sandar dukan maraya.

Za a ce ba al'adarmu ba ce. To ɗauko babbar rigar mahaifinka ka shimfiɗa ta. Ina aikin aska takwas yake? A tsakiya? A gefe ɗaya yake, ya taru wajen aljihu, ɗaya gefen kuma wani zane ne daban. Rigar da sarakuna ke sakawa a fadar Damagaram ba a raba adonta biyu daidai ba, kuma faɗinta ya ninka na mai ita har sai ya naɗe hannuwa a kafaɗa. Akwai ranar da wani ya fara yin wannan, kuma na tabbata ranar an samu wanda ya taɓe baki. Mu da muka gaji irin wannan rigar ne za mu tsaya muna mamakin hannu ɗaya ya fi ɗaya?

Za a ce wa zai saka wannan ya je masallaci ko ɗaurin aure? Ba wanda ya ce ka saka. Ba don kai aka ɗinka ta ba. Irin wannan rigar ana yin ta ne don a gwada iyakar abin da yadi da fata za su iya, daga nan sai a tsinci abu ɗaya ko biyu a kai cikin kayan yau da kullum. Kila yankan wuyan ne zai rayu, kila fatar kafaɗar ce. Bayan shekara biyu za ku gan shi a jikin angwaye, kuma ba wanda zai tuna daga inda ya fito.

Abin da ke ci mini rai tsakani da Allah shi ne, mun taɓa ganin wannan a ƙasar nan. Alphadi, mai zanen tufafi ɗan Nijar wanda aka haifa a Tumbutu a 1957, ya ɗauki bikin baje kolin tufafin Afirka, wato FIMA, ya kai shi cikin hamada a Tigidit kusa da Agadas a 1998, duniya ta zo ta ga saƙarmu da aikin maƙeranmu da fatarmu. A 2000 da aka yi bikin a Yamai sai da aka yi zanga-zangar ƙin amincewa da shi. A 2016 hukumar UNESCO ta naɗa shi cikin masu fasaha jakadun zaman lafiya. Kana iya ƙin wasu kayan da ake nunawa a wurin, ni ma akwai waɗanda ba zan so a jikin ƴata ba. Amma ba za ka ce mutumin bai iya aikinsa ba, kuma ba za ka ce bai ɗaga sunan Nijar ba. Shi yana da ƙarfin da zai jure. Wannan yaron me yake da shi? Keke ɗaya da hayar shago. An ce mini tun ranar bai buɗe ba. Mahaifiyarsa tana jin kunyar fita unguwa. Gobe in ya tattara ya tafi Kano ko Abijan, ya yi suna can, mu ne za mu fara rubuta "ɗan Damagaram ne, namu ne". Ina roƙonku don Allah, wanda ya san shi ya je ya zauna da shi. Wanda ke da yadin sallah bai kai ko'ina ba ya kai masa. In kun je ku ce ya ba ku rigar, ku juya ta, ku duba da idonku.

Sannan ku manyan teloli, da ku nake yanzu, domin wasunku ne suka fi kowa ƙyaƙyata dariya a ƙarƙashin bidiyon. Yaro nawa ne a shagonku yau da iyayensa suka kawo shi koyon sana'a, ya shekara uku bai taɓa riƙe almakashi ba? Aikinsa sayo shayi, sayo gawayin guga, kai ɗinki gidan Hajiya, ɗinka maɓalli. Yanka kuwa sai kun kore shi waje kuke yi, don kada ya gani ya iya ya buɗe nasa. Uban wani yaro a layinmu ya je ya yi magana, maigidan ya ce masa shi ma haka aka yi masa. Yanzu yaron ya bar shagon, kabu-kabu yake yi.