Kafin a ɗora iyali a kat-kat a nufi Cadi

A 'yan shekarun nan, duk wanda Allah ya hore wa Land Cruiser ko Prado ko Hilux, motocin nan masu ja da tayoyi huɗu da muke kira kat-kat, a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, ba ya jimawa sai ka ji ya fara zancen ɗaukar iyalinsa ya tsallaka Cadi yawon buɗe ido, musamman tun da hotunan duwatsun Ennedi na arewa maso gabashin Cadi suka cika wayoyin mutane, kuma aka buɗe gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a kan kogin Logon a 2025. Ban ga aibin wannan buri ba, domin yaron da ya ga ƙasar maƙwabta da idonsa ya fi wanda ya haddace ta a littafin makaranta. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake shirin. In an zauna a majalisa, zancen duka a kan mota yake ƙarewa: ƙarfin inji, girman taya, wace ce ta fi wace hawan tudu. Ni kuwa a ganina, tafiyar iyali da wanda ya fi kowa rauni a cikin motar ake auna ta, ko jaririn goye ne, ko Hajiya Babba mai ciwon gwiwa, ko yarinyar da ke amai duk lokacin da mota ta shiga gargada.

Abu na farko da ke rusa shirin mutane shi ne lokaci. Dogon hutun 'yan makaranta a nan Kamaru yana faɗawa ne daga Yuni zuwa Agusta, wato tsakiyar damina, kuma a wannan lokacin yankin Salamat, inda gandun dajin Zakuma yake, ruwa ne ke malale shi, har gandun ma rufe shi ake yi ga baƙi sai bayan ruwa ya janye. Baƙar lakar wannan yanki ba ta san kat-kat ba, domin in ta riƙe mota har ciki, tayoyi huɗu masu ja ba abin da za su yi illa su ƙara haƙa mata rami. Hutun ƙarshen Maris zuwa Afrilu shi ya fi kyau wajen ganin namun daji, saboda duk sun taru a bakin sauran tafkuna, amma zafi kan haura digiri 40, kuma ba zan ba uban ƙananan yara shawarar ya kai su cikinsa ba. Abin da ya rage shi ne hutun ƙarshen Disamba, mako biyu kacal, da sanyin hunturu da hazonsa. A cikin waɗannan kwanakin ne dole tafiyar ta shiga, zuwa da zama da dawowa.

Wannan lissafin kaɗai ya isa ya sa a ajiye Ennedi gefe a tafiyar farko, ko da yake na san shi ne wurin da ya fi jan zuciya. Ba a banza UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 ba, bayan ta sa tafkunan Uniyanga a 2012. Akwai kwazazzabon Arshe inda garken raƙuma ke shan ruwa tsakanin dogayen duwatsu, ga 'yan kadojin da suka saura a tsakiyar hamada, ga zane-zanen mutanen da a jikin kogo. Sai dai daga Njamena zuwa Fada, garin da ke yankin Ennedi, ya haura kilomita 1,000, kuma bayan an bar Abeshe an bi ta Biltin da Kalayit, kana ƙara nisa gari da asibiti da sabis ɗin waya suna ƙara yin wuya. Mota ɗaya ba ta shiga irin wannan ƙasa, sai aƙalla biyu, da ɗan jagora ɗan yankin, domin har yau akwai wuraren da nakiyoyin yaƙin Cadi da Libiya ke binne a arewa. Masu son yabon Toyota sukan tuna mana cewa da irin waɗannan motoci sojojin Cadi suka ƙwace Fada da Wadi Dum daga hannun sojojin Libiya a 1987, kuma gaskiya ne, amma waɗancan mutane ne da suka tashi cikin rairayin, suka san inda yake da tauri da inda yake nutsewa, kuma ba su ɗauko yara a kujerar baya ba.

Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a rairayi ya san abin da nake nufi. Direba ya ji ta fara nauyi, maimakon ya ɗaga ƙafa sai ya ƙara taka totur, tayoyin baya su watsa ƙasa sama, motar ta zauna a kan cikinta. Daga nan sai a sauke kowa da komai, a rage iskar tayoyi, a durƙusa da shebur ana yasar rairayi daga ƙarƙashi, a cusa faranti na ƙarfe gaban taya, a ja baya kaɗan, a sake gwadawa. Ga maza huɗu majiya ƙarfi, wannan abin dariya ne da za a ba da labarinsa daga baya. Ga maigida shi kaɗai, da uwargida tsaye a rana da goyo, babu inuwa ko ta ƙaya, yara suna tambayar ruwa, al'amarin ya sha bamban.

Saboda haka ni Zakuma nake zaɓar wa iyali. An kafa gandun a 1963, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 3,000, kuma tun 2010 ƙungiyar African Parks ke tafiyar da shi tare da gwamnatin Cadi. Giwayensa sun kai kimanin 4,000 a 2002, mafarauta masu neman haure suka kashe su har suka koma ƙasa da 500 a 2010, sannan aka tsare su suka fara haihuwa suna ƙaruwa. Akwai ɓauna dubbai, da zaki, da gauraka a bakin tafki, da raƙumin dawa irin na Kordofan wanda kaso mai yawa na abin da ya rage a duniya a can yake. Yaron da ya taso yana jin labarin gandun dajinmu na Waza a bakin kakansa, amma rashin tsaro ya hana a kai shi, a can zai ga abin da ake ba shi labari. Kuma akwai masauki da ma'aikata da masu rakiya, sai dai a nemi wuri tun da wuri, kada a isa ƙofa da yamma ana roƙo.

Hanya kuma ba ta ƙi ba in an raba ta da hankali. Daga Garwa a bi ta Figil da Kayele zuwa Yagwa, a haye zuwa Bongor, a miƙe arewa ta Gelendeng zuwa Njamena. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali a kan hanyar Mora da Dabanga zuwa Kusiri, wadda ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa da rashin tsaro. Daga Njamena zuwa Zakuma kusan kilomita 800 ne, kwalta har Mongo ta Bokoro da Bitkin, sannan a sauka hanyar ƙasa. Da yara a mota, kwana huɗu zuwa ne, huɗu dawowa, a yi uku ko huɗu a can. Wanda ya ce zai haɗe zango biyu a yini ɗaya, ƙarshensa tuƙin dare ne, kuma dare a waɗannan hanyoyi na shanu da jakuna da manyan motoci marasa fitila ne, ban da fargabar masu tare hanya. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗa salloli.

Batun takardu shi ne inda 'yan uwanmu suka fi sakaci, saboda sun ji an ce Kamaru da Cadi duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuɗinmu ɗaya, kuma tun 2017 aka amince da zirga-zirga ba biza. Haka ne, amma jandarman da ya ja igiya ya tare hanya a bakin ƙauye ba yarjejeniya zai tambaye ka ba. Zai leƙo ta taga, ya ƙirga kawuna, ya ce a kawo takardar kowa. A tanadi fasfo, da takardar haihuwar kowane yaro, da katin allurar shawara, da lasin tuƙi, da takardar mallakar mota, da inshorar CEMAC da ake kira kart roz, da takardar shigar da mota ta wucin gadi daga duwan, wato kwastan. In an ɗauko ɗan ƙani ko ɗan riƙo, kamar yadda muka saba, a karɓi rubutaccen izinin mahaifinsa mai hatimin hukuma, haka ma in motar ba da sunanka take ba. A Njamena a tambayi hukuma game da takardar izinin zagaya cikin ƙasa kafin a nufi gabas. A yi kwafi da yawa na komai, a miƙa kwafin, a riƙe na asali. Fulatancin da ke fitar da mu a Garwa ba ya nisa bayan an haye kogi, Larabcin Cadi ne harshen hanya, ko da yake ba a rasa Hausawa a Njamena da Abeshe, jikokin waɗanda suka bi wannan hanya a ƙasa zuwa Makka.

Motar kanta ba ta buƙatar dogon bayani. A kai ta wurin bakanike mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in ya canza wani abu a ga yadda ya zauna. Safaya biyu, jak mai ƙarfi da katakon ɗora shi, famfon iska, fambel, igiyar ja, da filtar mai da ta iska, domin hazo da man jarka na bakin hanya su ne ke shaƙe inji. Kada a tara kaya masu nauyi a saman rufi, suna sa mota rinjaya a kwana. Jarkokin ruwa sun fi akwatin tufafi na uku muhimmanci.

Sauran shirin kuwa, wanda ya fi duk wannan, ba a majalisa ake yin sa ba, da uwargida ake zama a yi shi. Ita ta san wane yaro ne ba ya cin abincin waje, wane ne ke tashi fitsari da dare, da irin kilishi da gari da dabino da madarar da za su isa kwana goma sha biyu. Ita za ta tuna da gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishirin zawo, da rigunan sanyi, da zanen da za a kewaye a yi makewayi a fili inda babu ko bishiya, abin da maza ba sa kawowa a rai sam. In ta ce: "Maigida, Hajiya ba za ta iya zaman mota na awa takwas ba," to a ƙara kwana ɗaya a Mongo, ko a bar Hajiya wurin dangi a Njamena a ɗauke ta a dawowa. A kuma sayi layin Airtel ko Moov da zarar an haye, a bar wa wani babba a gida sunan garin da za a kwana kowane dare, da sa'ar da zai fara cigiya in bai ji kira ba.