Wanda Bai Yaba Rarrafe Ba, Kada Ya Nemi Gudu

Jiya na ga wani matashi yana koya wa ƙanensa rubutu. Yaron ya rubuta haruffa biyar, huɗu sun fita daidai, ɗaya ya karkace, amma yayan bai ga huɗun nan ba, sai ya kama na biyar yana ta kiransa daƙiƙi, har yaron ya ajiye alƙalami ya fashe da kuka. 'Yan'uwana matasa, wannan hali na neman ƙwarewa tun ranar farko yana ƙona mini rai.

A shekarar 1943, a birnin Minneapolis na Amurka, masanin halayya B. F. Skinner da abokan aikinsa biyu sun so su koya wa tattabara buga 'yar ƙwallon katako da bakinta. Sun daɗe suna jira ta buga don su ba ta hatsi, ba ta buga ba. Sai suka sauya dabara: ko kallon ƙwallon ta yi a ba ta, daga baya kuma ba a ba ta sai ta yi motsin da ya fi kama da bugu, a haka har ta iya cikin 'yan mintuna. Ladan yana zuwa nan take, ana kuma ɗaga ma'auni kaɗan-kaɗan. Tsuntsuwa ke nan aka yi wa wannan haƙuri, mu kuwa mun kasa yi wa jininmu!

Da rarrafe yaro kan tashi, amma mai koyon tuƙi in ya kashe mota sau ɗaya sai tsawa, mai koyon ɗinki in layi ya karkace sai gori. Tsawa takan tsayar da kuskure na ɗan lokaci, amma ba ta nuna wa mutum daidai, abin da ya fi koya shi ne tsoron gwadawa. Mu da muke rowar "madalla" kuwa, mu ne muke kwana a kan waya muna ƙirga waɗanda suka yaba hotonmu.

Ku yi haƙuri da masu koyo, ku riƙa ganin ƙoƙarinsu, domin sannu ba ta hana zuwa. Na tuna malaman da suka koyar da mu, waɗanda sukan riƙe hannun yaro su ja shi a kan harafi ɗaya har mako guda ba tare da sun ɗaga murya ba. Yau wanda ya iya abu jiya-jiya shi ne ya fi kowa wulaƙanta na bayansa, kamar da iyawarsa aka haife shi.