Kura da shan bugu: jami'o'in Amurka sun fara biyan 'yan ƙwallonsu, amma sun ƙi kiran su ma'aikata

A ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta kotun tarayya da ke Oakland a jihar Kalifoniya ta amince da wani sulhu da ya rushe ƙa'idar da wasannin jami'o'in Amurka suka ɗoru a kai fiye da shekara ɗari. Daga 1 ga Yulin shekarar, jami'a na da damar ciro kuɗi daga asusunta ta miƙa wa 'yan wasanta hannu da hannu, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace makaranta. Hukumar NCAA mai kula da wasannin, ita da manyan rukunonin gasa, sun kuma yarda su biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma ga waɗanda suka buga tun daga 2016 ba a ba su rabonsu ba.

Tun daga nan ake ta zaman makoki a gidajen talabijin da shafukan jaridun ƙasar, wai kuɗi ya kashe wasan sha'awa, wai ɗalibai sun zama 'yan haya. Ni ban ga gawar da ake yi wa kuka ba. Wasan sha'awa a manyan jami'o'in nan ya daɗe da mutuwa, kuma ba 'yan wasa ne suka kashe shi ba. Abin da ya dame ni daban ne: an fara biyan yaran, amma an tsaya a tsakiyar hanya, kuma a wurin da aka tsaya ɗin ne duk rigimar da ake gani yanzu take fitowa.

Mai karatu a nan gida zai iya ɗauka ana maganar gasar makarantu ce irin wadda ɗalibai ke taruwa bakin fili su kalla. Ba haka ba ne. Ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana gwabza ƙirji kamar zari-ruga, a matakin jami'a babbar kasuwa ce. Filin jami'ar Michigan yana cin mutum fiye da 107,000, ya fi kowane filin ƙwallo a Turai. A 2022 rukunin Big Ten ya sayar wa tashoshin Fox da CBS da NBC haƙƙin nuna wasanninsa a kan kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai. Tashar ESPN ta ɗauki gasar fitar da zakara a kan dala biliyan 7.8 na shekara shida. A jihohi da dama, ma'aikacin gwamnati da ya fi kowa albashi kocin jami'ar jihar ne, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. Da jami'ar Texas A&M ta gaji da kocinta Jimbo Fisher a 2023, sai da ta ɗauki nauyin biyan shi fiye da dala miliyan 75 don kawai ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Duk wannan dukiya tana yawo ne a kan guiwa da kafaɗa da ƙwaƙwalwar samari 'yan shekara 18 zuwa 22, kaso mai yawa daga cikinsu baƙar fata daga gidajen marasa hali, waɗanda doka ta ce abin da ya halatta gare su shi ne kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma ba da kuskure aka gina tsarin haka ba. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya mutu bayan ya ji rauni a ka yana buga wa kwalejin Fort Lewis a Colorado. Matarsa ta nemi diyyar da ake biyan iyalan ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Kotun ƙolin jihar ta hana ta, bisa dalilin cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A wancan zamanin ne shugaban NCAA Walter Byers da mutanensa suka yaɗa laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa an ƙirƙiro shi ne don kada kotuna su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata. Wato tun farko garkuwa ce ta lauyoyi, daga baya aka yi mata ado da maganar tarbiyya da tsarkin wasa. Byers ya tsufa yana sukar abin da ya gina.

Da wannan garkuwa aka yi ta hukunta yara a kan abin da bai taka kara ya karya ba. An dakatar da wasu 'yan wasan jami'ar Ohio State a 2010 saboda sun sayar da zobba da rigunansu na kansu, sun kuma karɓi rangwame a shagon zanen jiki. Reggie Bush ya mayar da kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan ƙwallon jami'a na shekara, da ya ci a 2005 saboda an ce shi da iyalinsa sun amfana daga wasu dillalai, sai a 2024 aka dawo masa da ita, bayan abin da aka kira laifi ya zama ruwan dare.

Kotuna ne suka rusa katangar, tubali bayan tubali. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na jami'ar UCLA da ke Los Angeles, ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ana ciniki da shi ba a ko sanar da shi ba, ya shigar da ƙara a 2009, kuma ita wannan Wilken ce ta ba shi gaskiya a 2014. Kalifoniya ta yi doka a 2019 da ta halatta wa ɗan wasa cin moriyar sunansa. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara babu wanda ya saɓa, ta yanke hukunci a shari'ar Alston cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar hana haɗa baki a kasuwa ba. Mai shari'a Brett Kavanaugh, wanda ba a san shi da ra'ayin 'yan ƙwadago ba, ya ƙara da cewa babu wata sana'a a Amurka da masu ita za su haɗa kai su ƙi biyan ma'aikata, sannan su kafa hujja da cewa rashin biyan shi ne asalin hajarsu. Kwana goma bayan haka NCAA ta janye haramcin karɓar kuɗin talla da suna da hoto, abin da ake kira NIL.

To daga nan ne masu kuka suke da ɗan abin kamawa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da aka buɗe ƙofar NIL ba tare da tsari ba, attajiran tsofaffin ɗalibai suka kakkafa ƙungiyoyin tara kuɗi, ana cewa talla ce, alhali kowa ya san sayen ɗan wasa ake yi. An ba da rahoton cewa tawagar Ohio State da ta ci kofin ƙasa a Janairun 2025 ta lashe kusan dala miliyan 20 ta wannan hanya. An kuma cire takunkumin sauya makaranta, ɗan wasa na iya tashi duk shekara. A Afrilun 2025 Nico Iamaleava, mai jefa ƙwallo na jami'ar Tennessee, ya ƙi zuwa atisaye ana tsakiyar taƙaddama kan kuɗinsa, cikin 'yan kwanaki ya koma UCLA. Nick Saban, kocin Alabama da ya yi ritaya a Janairun 2024, ya koka cewa yaran yanzu abin da ke gabansu shi ne nawa za a biya su. Gaskiya ce, sai dai mai wannan kukan albashinsa ya haura dala miliyan 11 a shekararsa ta ƙarshe, kuma shi ma ya taɓa barin wata jami'a ya tafi inda aka fi tsoka. Koci ya yi ciniki a ce ƙwarewa, yaro ya yi a ce kwaɗayi.

Mu tambayi kanmu me ya sa ba a ganin irin wannan hargitsi a gasar ƙwararru ta NFL, inda kuɗin ya ninka haka. A can akwai kwantiragi mai wa'adi, akwai iyakar albashi, akwai ƙa'idar sauya ƙungiya, kuma kotu ba ta rusa su saboda ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ce ta zauna da masu kulob aka yi ciniki aka sa hannu. Dokar Amurka tana kare iyakar da aka cimma ta hanyar ciniki da ƙungiyar ma'aikata, ba ta kare wadda masu gida suka haɗa baki suka ƙaƙaba. Jami'o'i suna son abin da NFL ke da shi, wato iyaka da kwanciyar hankali, amma ba sa son biyan farashinsa, wanda shi ne su amsa cewa yaran nan ma'aikatansu ne. Shi ya sa iyakar dala miliyan 20.5 ɗin nan ba ta da tushe mai ƙarfi. Yaron da ke aji uku na sakandare yau bai zauna a teburin sulhun ba, babu wata ƙungiya da ya zaɓa ta wakilce shi, amma an riga an yanke masa rabonsa. Haka sabuwar hukumar da aka kafa, wadda ke tantance duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 ta hannun kamfanin Deloitte don ta ga ko farashin ya dace. Wa ke tantance ko farashin koci ya dace?

'Yan wasan sun gwada. Na jami'ar Northwestern sun nemi kafa ƙungiyar ƙwadago a 2014, hukumar ƙwadago ta ƙasa ta zame ta ƙi yanke hukunci a 2015. 'Yan ƙwallon kwando na kwalejin Dartmouth sun kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiya 13 da 2 a Maris ɗin 2024, suka janye a ƙarshen shekarar ganin gwamnati za ta sauya hannu. Su kuwa jami'o'i sun tare a majalisar dokoki a Washington suna roƙon doka da za ta ba su kariya daga ƙararraki, ta kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗan wasa ba ma'aikaci ba ne. Manufar Byers ce dai aka sake wa riga.

Abin da ma'aikaci ke samu ya wuce albashi, kuma a wannan wasa abin da ya wuce albashin ya fi muhimmanci. Waɗanda ke kaiwa NFL daga cikin 'yan ƙwallon jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran suna fita da guiwar da aka yi wa tiyata, da bugun kai da likitoci suka danganta da lalacewar ƙwaƙwalwa bayan shekaru. Taurarin da ake ambato da miliyoyi ƙalilan ne. Yaron da ke tsaye a layin gaba yana karo da ƙato sau sittin a wasa ɗaya, abin da ya fi buƙata shi ne inshorar lafiya mai ɗorewa, da tabbacin cewa ba za a ƙwace masa gurbin karatu ba ranar da ƙafarsa ta karye, da wanda zai tsaya masa idan koci ya matsa ya koma fili bai warke ba. Ciniki tsakanin ɗan shekara 18 da lauyoyin jami'a ba zai samar da waɗannan ba, sai ƙungiya.

Game da zargin cewa kuɗin 'yan wasa ne ya ɓata al'ada, a duba abin da manya suka yi da hannunsu. Rukunin Pac-12 mai tarihin fiye da ƙarni ya watse saboda kuɗin talabijin. USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma Big Ten a 2024, Texas da Oklahoma suka shiga rukunin SEC, Stanford da ke gaɓar yamma ta koma rukunin gaɓar gabas. Yanzu ɗalibar da ke buga ƙwallon raga a Los Angeles tana tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey a tsakiyar zangon karatu. Shugabannin jami'o'i ne suka sa hannu a wannan, ba a tuntuɓi ɗan wasa ko ɗaya ba.

Akwai asara ta gaske, kuma ta taɓa mu ta wani gefe. Rarar kuɗin ƙwallo ce ke ɗaukar nauyin guje-guje da ninkaya da kokawa, wasannin da ba sa kawo riba. Jami'o'i da dama sun nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sabon rabon 'yan ƙwallon Amurka za su ba, kuma tuni wasu mata 'yan wasa suka ɗaukaka ƙara suna cewa rabon diyyar ya saɓa wa dokar daidaito tsakanin maza da mata ta 1972. Idan aljihu ya matse, ƙananan wasannin za a fara yankewa, kuma ta nan 'yan Afirka da yawa suka bi: Blessing Okagbare da Tobi Amusan duk a jami'ar Texas da ke El Paso suka goge. Ɗaliban ƙasashen waje kuma bizar karatu ta taƙaita musu aikin kuɗi a cikin Amurka, don haka abokan wasansu na karɓa su suna lissafin abin da hukumar shige da fice za ta ce. Amma maganin wannan ba shi ne a koma hana 'yan ƙwallo haƙƙinsu don su ci gaba da ciyar da kowa ba. Jami'ar da ke iya biyan korarren koci dala miliyan 75 ba ta da bakin cewa ƙungiyar guje-guje ta fi ƙarfinta.

Wasan sha'awa na ainihi kuwa yana nan, bai je ko'ina ba. Ɗaruruwan ƙananan kwalejoji a mataki na uku na gasar NCAA ba sa ba da gurbin karatu don wasa, yara na bugawa ne bayan darasi. Jami'o'in Ivy irin su Harvard da Yale, waɗanda da su aka fara wannan ƙwallo, sun ƙi shiga tsarin rabon kuɗin. Abin da nake hange shi ne rabuwa a fili: manyan makarantu hamsin ko sittin su zama gasar ƙwararru mai ɗauke da tambarin jami'a, da kwantiragi da ƙungiyar 'yan wasa, sauran su koma gasar yankunansu da tafiyar mota. Shari'ar Johnson, inda wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2024 ba za a iya kore yiwuwar 'yan wasa su zama ma'aikata ba don kawai an kira su 'yan sha'awa, tana nan ba a gama ta ba, kuma sulhun Wilken na shekara goma ne kawai. Jami'o'in da ke da wayo za su zauna da 'yan wasansu kafin wani alƙali ya zaunar da su.