Likita ya dasa na'ura ya hau jirgi, wa zai tsaya wa yaron?

Tun shekaranjiya bidiyon nan yake yawo, sau bakwai aka turo mini shi. Yaro a cinyar uwarsa, an kunna na'ura, ya zabura ya fashe da kuka, mutanen ɗakin suna ta kabbara. A ƙasa an rubuta "an warkar da kurma". Wallahi raina ya ɓaci. Duk wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama gida ɗaya da yaron da aka dasa wa na'urar ji ba.

Ni na zauna. Ɗan ƙanwata sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara 2, ya tashi daga jinya ba ya jin ko tsawa. Muka sayar da fili, mahaifinsa ya sayar da shanu, dangi suka haɗa abin da ya sauwaƙa, aka kai shi waje aka yi tiyata. Mu ma muna da irin wannan bidiyon, mu ma mun yi kuka ranar. Yau shekara 4 ke nan, kuma wata 9 cur ɓangaren na'urar da ake maƙalawa a wajen kunne, wato na'urar waje, tana ajiye cikin kwalla a ɗakin uwarsa, saboda 'yar wayar da ke haɗa ta da maganaɗisun kai ta tsinke. Na zaga Maradi ban samu ba, na aika Yamai ban dace ba. Likitan da ya yi aikin ya amsa saƙo biyu, daga nan shiru.

Ku gane abin da ake dasawa. Ana huda ƙashin bayan kunne, a zura siririyar waya cikin wani ɗan lungu mai naɗi kamar bawon katantanwa, ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki. Wata na'urar wuraren taɓa jijiya 22 gare ta, wata 12, su ne za su tsaya a madadin dubban ƙwayoyin da Allah ya halitta a wurin. Sautin da yaro ke ji ranar farko baƙon abu ne, shi ya sa yake kuka. Sai an yi makonni da tiyata ake kunnawa, sannan a yi ta komawa ana saiti da kwamfuta, sau da yawa a shekarar farko, bayan nan ma ba a daina ba. Sannan ga mai koyar da magana, mako bayan mako, shekara bayan shekara. Tiyata awa biyu ce ko uku. Sauran aikin tsawon rayuwa ne.

To wa zai yi wannan aikin? Ita ce tambayata, kuma ba zan gaji da yin ta ba. Wa zai saita? A ina yake zaune? Daga nan zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, wa zai biya kuɗin mota da masauki duk zuwa? Batir fa, a garin da wuta ke ɗaukewa da zafin nan namu? Gumi na shiga na'urar, ƙurar hunturu na toshe ta, yaro kuma yaro ne, zai faɗi a wajen wasa. Bayan 'yan shekaru sai an canza ta waje gaba ɗaya, miliyoyin sefa kuma. Wa ya gaya wa uwar da ke cikin bidiyon nan haka?

Na san masu cewa "ai ya fi babu", da masu cewa hassada nake yi wa masu taimako. Ku je ku kalli ɗanmu sannan mu yi magana. Kalmomi ya fara kamawa, yana kiran "Inna", yana cewa "ruwa", yanzu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake an ce mana ya warke, ba mu koya masa maganar hannu ba, har hana shi muke yi. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Wannan laifin har da mu, kuma yana ci mini rai kullum.

Na'urar tana aiki, wannan ba abin musu ba ne. Akwai waɗanda aka dasa wa suna yara, yau sun gama jami'a, suna amsa waya. Amma ku duba yadda abin ya samo asali. A 1978 Farfesa Graeme Clark ya dasa wa Rod Saunders tasa a Melbon ta Ostiraliya, mutumin da haɗarin mota ya kurmantar. Shekaru suka yi yana komawa wajensu, ana gwaji, ana gyara. Likitan yana nan, mara lafiyan yana nan. Haka aka gina abin. Wanda zai zo na mako ɗaya ya yi wa yara goma ya tafi, bai bar mai saiti ba, bai bar kayan gyara ba, rabin aiki ya yi, ko da hannunsa ya fi na kowa iyawa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Amurka ta amince a dasa wa ɗan wata 9 tun 2020, don ƙwaƙwalwar da ba ta ji sauti da wuri ba tana shan wuyar koyon magana daga baya. Sanƙarau kuwa yakan sa lungun kunnen ya cike da ƙashi cikin watanni, wayar ta kasa shiga. Saboda haka in wani ya yi maka alkawarin ɗanka ɗan shekara 10 da aka haifa ba ya ji zai yi magana kamar kowa, ka riƙe kuɗinka, ka nemi likitan kunne na biyu. Ka ce a rubuta maka sunan mai saitin da inda yake kafin ka sa hannu.

Ga bazara ta ƙarato, lokacin sanƙarau ke nan. Jiya a unguwar Bagalam na ga wata mata tana ɗiga wa jaririnta man gyaɗa mai ɗumi a kunnen da ke zubar da ruwa. Na ce Hajiya don Allah ki kai shi asibiti, ta ce haka aka yi wa yayyensa duka. Na ba ta jika ɗaya na kabu-kabu, ban tashi daga wurin ba sai da na ga ta goya shi ta hau.