Inci ɗaya, ƙafa ɗaya

Wani bidiyo ya nuna wani mai keken guragu ya kife a kan gangaren shiga wani sabon gini. Wanda ya zuba gangaren nan da bawan Allah ya kifo ta baya a kansa, da Alhajin da ya biya kuɗin aikin, dukkansu alhakinsa na wuyansu. Kun ga bidiyon ai. Matakala uku, aka shafe gefe ɗaya da siminti, tsawonsa bai kai ƙafa huɗu ba, aka lulluɓe shi da tayil mai sheƙi, aka ce an yi wa masu keken guragu hanya.

Lissafin nan ko yaron birkila zai riƙe shi: duk inci ɗaya na tudu, ƙafa ɗaya na tsawo. Matakala guda inci 6 ce, uku inci 18 ke nan, don haka gangaren ƙafa 18 yake buƙata. Ƙafa 18, jama'a, aka yi huɗu! Nauyin mai keke a kan manyan tayoyin baya yake. Da tudu ya yi tsini sai ƙananan tayoyin gaba su ɗaga, keken ya juye, ƙeya ce kuma take fara dukan ƙasa. Abin da kuka gani ke nan.

Sauran awon ma ba ɓoyayye ba ne. Faɗi ƙafa 4. Ƙarfen dafawa dama da hagu, tsayin ƙafa 3. Ɗan dakali na inci 4 a kowane gefe don kada taya ta zame. A sama, kafin ƙofa, shimfiɗaɗɗen fili ƙafa 5 kowace kusurwa, domin mutum ba zai riƙe taya da hannu biyu a kan tudu kuma ya tura ƙofa ba. A Kano ma ya kamata a ƙara, saboda keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda waɗanda shan inna ta taɓa suke hawa, ya fi na asibiti tsawo. Ƙasa kuwa kankare zalla, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye ya yi kaushi. Tayil ko alwala aka yi kusa da shi ya zama santsi.

Masu cewa babu fili, a lanƙwasa shi ya bi jikin bango. An samu filin ajiye janareta da motoci goma. Masu cewa ai mai gadi zai ɗaga shi, magidanci ne fa da iyali, ya zo sayayya da kuɗinsa, don me sai an ciccibe shi gaban jama'a? Masu cewa ƙaddara ce, babu mai musu, amma awon ba a yi ba.

Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Mai sabon gini ba shi da ta cewa. Inci ɗaya, ƙafa ɗaya, Alhaji, ka fasa shi ka sake.

Sannan don Allah masu ɗauke murafen magudanar ruwa suna kai wa 'yan gwangwan, ku ji tsoron Allah. Makaho da ƙafa da sanda yake haddace hanyarsa. Murfin da ya taka jiya ya yarda yana nan yau, ga damina ta cika ramin da ruwa.