Ranar da 'yata ta ƙi kiran kakarta Kaka

Wani abu ya faru a gidanmu nan Garwa ta Kamaru ranar Talatar da ta wuce, har yau bai bar raina ba. 'Yata mai shekara huɗu ta dawo daga matarnel, wato makarantar ƙananan yara, mahaifiyata tana zaune a tabarma gindin darbejiya tana tsinkar zogale. Kullum tsohuwa ce ke fara ɗaga murya, "Oyoyo kishiyata!" yarinya kuma ta sheƙo da gudu tana "Kaka, Kaka" har ta faɗa jikinta. Ran nan sai ta toge a bakin zaure, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Mami."

Tsohuwa ta ajiye faifai. "Ke kishiya, wace ce kuma Mami a gidan nan?"

Sai da aka yi ta lallashi kafin ta faɗa. A aji an tambayi wanda ya yi mata kitso, ta ce Kaka, yara suka bushe da dariya. A Faransancin yara, caca shi ne abin da mu muke ce wa tutu. Sauti ɗaya ne, babu bambanci ko kaɗan a kunnen yaro. Shi ne ta koma cewa Mami, yadda yara ke kiran kakarsu mace da Faransanci. Tsohuwa ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tsinkar ganyenta, amma na ga fuskarta.

Ba wannan kaɗai ba ce. Dodo a wurinmu abin tsoro ne mai cin yara, a Faransanci kuwa in an ce wa yaro ya yi dodo, barci ake nufi. Ku yi tunanin ɗan shekara uku da aka saba ce masa "yi shiru ga dodo nan", ran farko a makaranta malama ta rufe taga ta ce kowa ya kwanta lokacin dodo ya yi.  Haka tata: mu in yaro ya fara ɗaga ƙafa sai a kama hannuwansa ana "tata, tata", su kuma tata gwaggo ce ko inna.

Ban ga laifin yaran da suka yi dariya ba, ban ga na malamarsu ba. Abin da ke damuna mu ne iyaye, yadda in aka yi irin wannan karo kullum namu ne ke ja da baya. Zagaya gidajen Hausawa a Hausare ko Yelwa ka saurara. Uwa da ba ta yi aji uku a boko ba tana ce wa jaririnta pipi, bobo, lolo, kalmomin jarirai na Faransanci, saboda kada a ce ɗanta ɗan ƙauye ne. Wasu abokaina 'yan boko kuma sun ɗauko wata hujja, wai maganar jarirai tana lalata harshen yaro, a yi masa magana irin ta manya tun yana zanin goyo. Ban yarda ba.

Wajen wata shida jariri ke fara gwaranci, ba-ba-ba, ma-ma-ma, da-da-da. Waɗannan sautuka su ne mafi sauƙi a bakinsa, leɓe ya haɗu ya rabu, ko harshe ya taɓa dasashi. Shi ya sa baba, mama, dada suka bazu a harsunan duniya da ba su haɗa dangi ba. Manya ne suka ji abin da jariri ke iya furtawa, suka ɗora masa ma'ana, kowace al'umma da tata. Mu mama a wurinmu uwa ce kuma nono ne. Maƙwabtanmu Fulani, waɗanda Fulatancinsu ne harshen kasuwa daga Ngaundare har Marwa, daada suke ce wa uwa, maama kuma kaka. Wajen shekara ɗaya kalmar farko ke fitowa, wajen shekara biyu yaro ya fara haɗa kalma biyu, "Baba zo", "ba ni". Amma irin su ts da r sai daga baya, shi ya sa ruwa ke zama luwa, tsuntsu ya zama tuntu. To wanda ya ce a hana yaro kalmomin da bakinsa ke iya ɗauka, da me yake so ya fara?

Ku lura da yadda tsofaffinmu ke yi, don akwai hikima a ciki. Mahaifiyata ba ta taɓa barin kalmar jarirai ita kaɗai. In ƙaramin ya kai tsakuwa baki sai ta ce, "Tuf! Tofar, ƙazanta ce." In ya doshi murhu, "Kul! Wuta, zafi." In za ta miƙa masa ƙosai, "Ungo, karɓa da dama." Gajeriyar tana gaba, cikakkiyar na biye da ita, a murya mai hawa da sauka, ido cikin ido. In tana masa tawai yana kaɗa kai, magana take koya masa, ni in yi kai ka yi. Kafin a yaye shi ya san duka biyun, kuma shi da kansa zai yar da ta jarirai in ya ga yayyensa ba sa faɗi.

Da can wannan aiki na gida ne gaba ɗaya. Uwa tana alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, amma ga kaka, ga gwaggo, ga yayye mata masu goyo, baki goma na yi masa magana. Yanzu ma'aurata sun kama haya ɗaki biyu su kaɗai, alkunyar na nan, kakar ba ta nan, sai a miƙa wa yaro waya yana kallon katun na Faransanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2019 cewa bai kamata jaririn da bai kai shekara ba ya zauna gaban allo ko kaɗan, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Waya ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta maimaita masa abin da ya faɗa.

Kada a fahimce ni a baibai, ina son 'ya'yana su iya Faransanci fiye da ni, da shi za su yi jarrabawa su nemi aiki. Kan yaro yana ɗaukar harshe biyu, uku ma, mu da muka tashi da Hausa da Fulatanci shaida ne. Dokar ilimi ta 1998 a Kamaru ma ta ambaci raya harsunan gida. Amma doka ba ta shiga ɗakin uwa, mu ne a ciki.

Daren Talatar na ɗora yarinyar a cinya na ce mata, "Uwata, su a bakinsu wani abu ne daban, mu a bakinmu Kaka ita ce ta haifi Babanki." Ta yi shiru tana wasa da maɓallin rigata. Washegari da safe na ji ta a tsakar gida tana cewa, "Kaka, ina kwana." Da muka isa ƙofar makaranta na sauke ta daga babur, sai ta riƙe hannuna ta raɗa mini, "Baba, in an tambaye ni a ciki, in ce Mami ko?" Na tsaya da kwandon abincinta a hannu, ƙararrawa na kaɗawa, na ce ta shiga tukuna, za mu yi maganar in ta dawo.