Holi a Idon Baƙo: Wasan da Ba a Tambayar Dangantaka

Shekara ta uku ke nan ina ganin bikin Holi a birnin Delhi, kuma har yanzu ina auna shi da mudun da na taho da shi daga gida. Mabiya addinin Hindu suna yin bikin ne idan farin wata ya cika a watan Falguna na kalandarsu, wato yawanci cikin Maris, lokacin da sanyi ke bankwana. A jajiberen ranar ana hura babbar wuta a unguwanni domin tunawa da Holika, wadda a labarinsu ta shiga wuta da yaro Frahlada don ta halaka shi, sai ita ta ƙone, shi kuwa ya tsira. Kashegari da hantsi sai gari ya rine da garin launi da suke kira gulal, yara na fesa ruwa daga saman benaye, ana rabon gujiya, wani soyayyen abu mai zaƙi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wasan da ke ciki. A garin Barsana, kusa da Matura, mata kan fito da sanduna suna dukan mazan Nandgaon, garin da ke maƙwabtaka da su, su kuma suna karewa da garkuwa. A cikin gidaje, mace da ƙanen mijinta su ne kan gaba wajen shafe juna. Duk Bahaushe ya san irin wannan, domin haka taubasai ke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki, haka kuma Bafulatani da Babarbare ke tsokanar juna ba a jin haushi.

Sai dai wasanmu yana da mai shi, ba ka yi da wanda ba abokin wasanka ba. A nan kuwa ana cewa kada ka yi fushi, Holi ce, kuma da wannan kalma wasu samari ke taɓa duk wanda suka ga dama, har mata da yawa kan ƙi fita ranar. Wannan ɓangaren ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya san ni Musulmi ne, ya fi su sanin ya kamata. Bara ya ƙwanƙwasa ƙofata da faranti a hannu, ya tambaye ni tukuna ko na amince. Na ce masa ba zan shafa ba, sai ya ajiye launin a gefe, ya miƙo mini gujiya, muka zauna muna ci.